Hedifon da ba ya yabona, da makarantar lauyan da nake nema

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, tare da fatan alheri. Na daɗe ina bin shafin wasiƙu ban taɓa tsoma baki ba, amma yau ina roƙon ɗan fili, domin na lura matasanmu da yawa sun shiga harkar haɗa sauti a ɗakunansu, wasu kuma suna mafarkin zama lauyoyin mawaƙa da 'yan fim. Abubuwan nan biyu sun haɗe mini a shekara guda, kuma sau biyu na kusa faɗawa rami iri ɗaya.

Ina zaune a Amurka. Da rana ina aikin ofis, da dare kuma ina yi wa ƙananan mawaƙa mikisin, wato haɗa murya da kiɗa a daidaita su, a wani ɗaki da bangonsa bai fi kwali kauri ba. Da farko lasifika nake amfani da ita, har daren da maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa wajen ƙarfe ɗaya, rungume da jaririyarsa tana tsala kuka. Bai ce komai ba, ya dai dube ni ya dubi yarinyar. Washegari na naɗe wayoyin lasifikar na tafi neman hedifon.

Wanda na fara saya, ba zan kama sunansa ba, kyakkyawa ne ƙwarai. Na sa shi a shago, ganga ta buga, na ji har cikin ƙirjina. Na ce ai shi ke nan, na samu. Na shafe mako biyu ina gyara wata waƙa da shi, ina jin kaina kamar wani gwani. Ranar da mai waƙar ya zo, muka shiga motarsa muka kunna, sai ga abu siriri sakayau kamar ana kaɗa gwangwani. Kaurin da nake ji a ɗaki babu shi ko kaɗan. Ya juyo ya ce, "Malam, ina bes ɗin ya tafi?" Na rasa bakin magana.

Daga baya na gane abin da ya faru, kuma shi ne jigon maganar duka. Hedifon ɗin kamfani ya ƙara masa kaurin sauti da gangan don ya burge mai saye. Ni kuma da nake jin kaurin ya yi yawa, sai na yi ta rage shi a cikin waƙar. Abin da na'urar ta ƙara na ƙarya, na cire shi na gaske. Haka lissafin yake ta kowane gefe: in hedifon ya cika tsinin sama, za ka dusashe muryar mawaƙi ba ka sani ba, in kuma ya ɓoye tsakiyar sauti, inda murya take, za ka tura murya gaba har ta riƙa sukar kunne. Hedifon na jin daɗi aikinsa ya yi wa waƙa kwalliya. Na aiki kuwa so ake ya nuna maka ita ba hoda ba jan baki, tun daga 20 Hz (ma'aunin kauri ko tsinin sauti) na can ƙasa har zuwa 20,000 Hz, iyakar abin da kunnen ɗan Adam mai lafiya yake kamawa.

Tambaya ta farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce rufaffe yake so ko buɗaɗɗe. Rufaffen yana da marfi ta baya, sauti ba ya fita sosai, na waje ba ya shiga sosai. Shi ake bai wa mawaƙi a gaban makirufo, don kada kiɗan da yake ji ya zubo cikin muryar da ake ɗauka. Buɗaɗɗen kuwa bayansa raga ce, iska na ratsawa, sautin ba ya dawowa ya yi gunji a cikin kofin kunne, shi ya sa ya fi sakewa kuma bai cika gajiyar da mutum ba. Illarsa ita ce duk wanda ke zaune kusa da kai zai sha waƙar tare da kai, kai ma za ka ji motsin firij da na fanka. Idan ɗakinka shiru ne kuma mikisin ne aikinka, buɗaɗɗe. Idan kana ɗaukar murya a ɗakin da kake gyarawa kuma kuɗin guda ɗaya gare ka, rufaffe, sai ka koyi halinsa.

Sunayen da za ka yi ta cin karo da su ba su da yawa, kuma galibinsu tsofaffi ne. Sony MDR-7506 tun 1991 yake kasuwa, rufaffe ne, za ka gan shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim. Yana fito da saman murya fili, duk wani tsaki ko shan iska na mawaƙi sai ya tona shi. Audio-Technica ATH-M50x shi ma rufaffe ne, ya fi wancan kauri, ana cire wayarsa a sauya. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus yana da 'yan gida uku: DT 770 rufaffe, DT 990 buɗaɗɗe, DT 880 tsaka-tsaki. Sai Sennheiser HD 600, buɗaɗɗe, wanda ya fito a 1997, kuma har yau masu aikin sauti suna auna wasu da shi saboda yadda yake riƙe tsakiyar sauti, inda murya take zaune. Shi na ƙare a kai. Ranar farko da na sa shi ban ji daɗi ba, wallahi, ji na yi kamar an zare wa waƙoƙina rai. Ashe ba su da ran ne tun asali, wancan na farkon ne yake ara musu.

Akwai wata lamba a jikin kwali da yawancin mutane ba sa dubawa, wato om. Ita ke nuna irin turjiyar da hedifon yake yi wa wutar da ake tura masa. MDR-7506 om 63 ne, M50x om 38, waya ko kwamfutar cinya na iya tuƙa su ba wahala. HD 600 kuwa om 300 ne, DT 770 ma ana yin sa kala uku, mai 32, mai 80 da mai 250. Mai babbar lamba yana bukatar abin da zai tura shi da ƙarfi, ko dai akwatin sautin da ke haɗa makirufo da kwamfuta in mai ƙarfi ne, ko ƙaramar amfilifaya ta musamman. In ka soka shi kai tsaye a ramin da bai da ƙarfi, za ka murɗa har ƙarshe ka ji sautin a can nesa, ganga ba ta da duka, sai ka ɗora wa hedifon laifin da ba nasa ba. Kafin ka biya kuɗi, duba abin da za ka soka shi a ciki.

Wani abu kuma da babu tsadar da ke maganinsa: a hedifon kunnen dama ba ya jin abin da na hagu ke ji. A lasifika kowane kunne yana samun rabonsa daga ɓangarorin biyu, ga kuma ɗakin da ke mayar da amo. Saboda haka abin da ka ɗan karkatar gefe a hedifon sai ya yi kamar ya tafi can nesa, amsa-kuwwar da ka zuba wa murya kuma kana jin ta tar, sai ka riƙa yi mata ƙwauro, a lasifika ta ɓace. Akwai manhajojin da ke ɗan zubo hagu cikin dama don kwaikwayon lasifika, akwai kuma irin su SoundID Reference na Sonarworks da ke miƙe lanƙwasar hedifon ɗinka. Suna taimakawa. Amma abin da ya fi yi mini amfani kyauta ne: ina mayar da waƙar mono, wato hagu da dama su haɗe su zama ɗaya, in saurara, in tura ta waya in ji ta ƙaramar lasifikar wayar, in sauka in ji ta a mota. In murya ta tsira a wurare ukun nan, to ta tsira.

Sai maganar ƙara, wadda matasa ba sa son ji. Tun 1933 masana sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da tsinin sama sosai idan sauti na ƙasa-ƙasa, yana ƙara jin su ne idan aka ɗaga. Shi ya sa kowace waƙa take daɗi in an ƙure ta, ciki har da marar kyau. Ga kuma lafiya: hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 (ma'aunin ƙarar sauti) na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato a 88 awa 4 ke nan, a 91 awa 2. Wani dare na cire hedifon na ji wani siririn fito a kunnena da bai daina ba sai da gari ya waye. Jiki magayi. Tun daga nan na sa alama da farin tef a jikin maɓallin ƙara, ba na wuce ta, kuma duk bayan kamar minti 45 nakan tashi in zaga.

Sauran ƙananan abubuwa ne: ya zauna maka a ka awa uku bai matse ba, musamman in kana sa tabarau, kuma a iya sauya soson kunnen da wayar. Soson in ya kwanta sautin ma canzawa yake yi. Bayan haka sai haƙuri. Na ware waƙoƙi biyar da na san an gyara su da kyau, na yi wata guda ina jin su a sabon hedifon kafin na taɓa aikin kowa.

To Malam Edita, me ya haɗa wannan da makarantar lauya? Takarda ce mai shafi biyu. Wani mawaƙi, shi ma ba zan ambace shi ba, ya kawo mini waƙa ba ta da ƙashi. Na yi mikisin, na kuma ƙirƙiro masa wani ɗan zagayen kiɗa da ya zama shi ne abin da kowa ke rerawa. Da zai biya ni sai ya miƙo takarda, ya ce tsari ne kawai. Na sa hannu a tsaye, hedifon na rataye a wuyana. Bayan watanni na ji zagayen nan nawa a cikin wata talla. Da na je na karanta takardar a zaune, sai na ga na amince cewa aikin haya na yi, duk abin da na ƙirƙira nasa ne har abada, an biya ni an gama. Ihu bayan hari.

Haushin ne ya sa na fara karatu. Na gano cewa a dokar Amurka waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne: haƙƙin wanda ya tsara baiti da karin, da haƙƙin faifan da aka ɗauka. Na farkon ƙungiyoyi irin su ASCAP, wadda aka kafa a 1914, da BMI ta 1939 ne ke karɓo masa kuɗi idan an kunna waƙar a bainar jama'a. Na biyun kuma, idan rediyon intanet ko na tauraron ɗan Adam ne, wata ƙungiya mai suna SoundExchange ce ke karɓa ta raba: kashi 50 ga mai faifan, 45 ga mawaƙin, 5 ga 'yan amshi da makaɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, dokar da aka sa wa hannu a 2018 don sabunta harkar waƙa ta tanadi hanyar da furodusa da mai mikisin da injiniyan sauti za su samu kasonsu kai tsaye daga SoundExchange, in dai mawaƙin ya rubuta wasiƙar umarni. Wasiƙa ɗaya. Ban san da ita ba, balle in nema. Na kuma ga cewa dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta bai wa mai ƙirƙira damar karɓe haƙƙin da ya sayar bayan shekara 35, amma ban da wanda ya yi aikin haya. Wato kalmomi biyun nan, "aikin haya", da na sa wa hannu a tsaye sun rufe mini har wannan ƙofar.

Nan na ƙudura zan karanta lauya. A Amurka sai kana da digirin farko kake shiga, karatun digirin lauya, wato JD, shekara uku ne, yawancin makarantu suna neman jarrabawar LSAT wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, bayan ka gama kuma sai jarrabawar shiga aikin lauya ta jihar da za ka zauna. Na fara tara takardun talla na makarantu. Wata daga ciki, ita ma na sakaya sunanta, ta aiko mini da littafi mai sheƙi: jan kafet, kyamarori, ɗalibai suna murmushi a gaban allon haɗa sauti, jerin darussa goma sha wani abu duk na nishaɗi. Zuciyata ta buga irin bugun da ta yi a shagon nan. Har na fara cike fom.

Allah ya taimake ni na kai wa wata yayarmu lauya, wadda ta daɗe tana rubuta kwantiragi. Ta jujjuya littafin ta ajiye, ta ce, "Ƙanena, a cikin darussan nan guda nawa aka koyar bara? Wa ya koyar? Ka tambaya?" Na ce a'a. Ta ce lauyan nishaɗi lauyan kwantiragi ne da haƙƙin mallaka da dokar ƙwadago da haraji, wanda Allah ya sa abokan cinikinsa mawaƙa ne. Shekarar farko kusan iri ɗaya ce a ko'ina: kwantiragi, laifuffuka, diyyar ɓarna, dukiya, tsarin shari'a, tsarin mulki da rubutun lauya. Ba jan kafet a ciki. Ta ƙara da cewa yawancin waɗanda ta sani a kamfanonin fim da na waƙa sai da suka yi 'yan shekaru a ofishin lauyoyi na gama-gari kafin aka ɗauke su.

Ita ce ta nuna mini takardar da ake kira rahoton 509. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, tana tilasta wa duk makarantar da ta amince da ita ta wallafa shi kowace shekara. Babu hoto a ciki, lambobi ne zalla: makin waɗanda aka ɗauka, kuɗin makaranta, yawan masu tallafin karatu, yawan waɗanda suka fice. Akwai kuma rahoton cin jarrabawar lauya, da na aikin yi, wanda ke nuna halin da ɗalibai ke ciki kimanin wata goma bayan kammalawa, nawa ne suka samu cikakken aiki na dindindin da ke bukatar lasisin lauya. Layin da ya fi tsorata ni shi ne na tallafi mai sharaɗi. Makaranta za ta rage maka kuɗi bisa sharaɗin makinka kada ya sauka ƙasa da kaza, alhali ana raba maki ne bisa gwada ɗalibai da juna, dole wasu su zo ƙasa ko da kowa ya yi ƙoƙari. Rahoton yana faɗin mutum nawa aka bai wa irin wannan tallafi da nawa aka rage wa ko aka ƙwace. Na duba na makarantar mai littafin sheƙi, na rufe fom ɗin a hankali.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, akwai makarantun da suke da abin a zahiri, kuma wuri yana da tasiri ƙwarai. Harkar fim da talabijin a Los Anjeles take, shi ya sa UCLA mai Cibiyar Ziffren, da USC, da Loyola, da Southwestern mai Cibiyar Biederman suke da malaman da ke fitowa daga ofis da yamma su shigo aji, ɗalibi kuma ya iya zuwa koyon aiki a tsakiyar zango ba sai ya jira hutu ba. A Niyok akwai NYU, da Columbia mai Cibiyar Kernochan, da Cardozo mai cibiyar FAME. Mai son waƙa zalla kada ya raina Nashbil, inda Vanderbilt da Belmont suke kusa da kamfanonin mawallafa waƙa. Mujallar The Hollywood Reporter ma takan fitar da jerin makarantun da take ganin sun yi fice a fannin. Amma jeri ba ya biyan bashi. A irin su NYU da Columbia da USC kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, ban da haya da abinci a biranen da suka fi ko'ina tsada. Ƙananan mawaƙan da nake son karewa kuwa ba su da abin biyan lauyan da ke ɗauke da bashin dala dubu ɗari biyu. Wanda ya ci irin wannan bashi, bashin ne zai zaɓa masa wurin aiki.

A taƙaice ga 'yan'uwa da suka riga suka karanta lauya a wata ƙasa: ba lallai sai JD ba, akwai LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, na shekara ɗaya, Jami'ar Mayami ma tana da na nishaɗi da fasaha da wasanni, kuma jihohin Niyok da Kalifoniya suna barin lauyan waje ya zauna jarrabawarsu bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai ɗalibin waje ba ya samun rancen gwamnatin tarayya. A kuma kula, a Kalifoniya akwai makarantun da jiha ta amince da su amma ABA ba ta amince ba, takardarsu ba ta cika tsallaka iyakar jihar ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Na fi son makaranta mai ƙarfi a gaba ɗaya, a birnin da harkar take, mai tallafin da ba shi da sharaɗi, ko da darussanta na nishaɗi huɗu ne kacal, a kan wadda ta cika littafi da su amma ɗalibanta na faɗuwa jarrabawar lauya. Na kira tsofaffin ɗalibai uku na kowace makaranta da nake so, ba waɗanda ofishin ɗaukar ɗalibai ya ba ni ba, waɗanda na lalubo da kaina. Tambaya biyu nake yi musu: wane aiki kake yi yanzu, kuma nawa ya rage maka na bashi? Wasu sukan yi dariya kafin su amsa, ɗaya kuma ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.

Na tura takarduna makarantu biyar, uku a Los Anjeles, ɗaya a Niyok, ɗaya a Nashbil. Biyu sun amsa, ina jiran sauran. Rahotannin 509 ɗin suna nan kan teburina, na danne su da akwatin sauti don kada fanka ta kwashe. A daren jiya wata yarinya mai murya ta turo mini waƙa in gyara, na ce mata to, amma sai mun rubuta wa ke da me tukuna, har da wasiƙar nan ta SoundExchange. Ta ce ba ta taɓa jin labarinta ba, na tura mata bayani. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya bi ta ɗaya daga cikin makarantun nan, musamman na Nashbil da na fi ƙarancin wanda zan tambaya, don Allah ya rubuto ta wannan shafi kafin lokacin biyan kuɗin kama gurbi ya yi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatunku daga Amurka